Tsutsar Zuciya a Jikin Kare: Tambayoyi da Amsoshi Kan Magani

Ciwon tsutsar zuciya yana warkewa, amma maganinsa na cin watanni, kuma babban kaso na aikin yana hannun mai kare ne, ba likita kaɗai ba. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi bayan gwajin jini ya nuna kare na ɗauke da tsutsar. Ba za su maye gurbin likitan dabbobi ba, domin shi ne zai auna karen, ya saurari ƙirjinsa, ya tsara ranakun allura.

Mece ce tsutsar zuciya, kuma yaya kare ke samunta?

Tsutsa ce fara, doguwa, siririya, wadda masana ke kira Dirofilaria immitis. Masanin halittu Joseph Leidy na Amurka ya yi bayaninta tun a 1856. Macen kan kai tsawon santimita 30, namijin bai kai haka ba. Duk da sunan da ake kiranta da shi, ba cikin zuciya ta fi zama ba. Mazauninta shi ne manyan jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa huhu, sai idan tsutsotsin sun yi yawa ne suke gangarowa ɓangaren dama na zuciya. Shi ya sa huhu ne ke fara jigata.

Sauro ne ke yaɗa ta. Yakan ciji kare mai ɗauke da cutar, ya tsotsi jini haɗe da 'ya'yan tsutsar, waɗanda ido ba ya iya gani. Su yi kamar mako biyu suna girma a cikin sauron idan yanayi da ɗumi, sannan ya sauke su a jikin karen da ya ciza na gaba. Daga ranar cizon zuwa ranar da za su balaga su fara haihuwa, wata shida ne zuwa bakwai. Babbar tsutsa kuma tana iya rayuwa shekara 5 zuwa 7 a jikin kare.

Ba a ɗaukar ta ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya, ko lasar juna, ko kashi. Dole sai ta bi ta cikin sauro.

Karena yana ci, yana wasa, ba ya ko tari. Anya gwajin bai yi kuskure ba?

Yana da kyau a sake tabbatarwa, kuma likita mai kula ba zai fara magani ba sai ya yi hakan. Amma rashin alama ba hujja ba ce. Kare na iya ɗaukar tsutsar tsawon lokaci ba tare da ya nuna komai ba, musamman wanda ba ya yawan gudu. Alamomin kan zo ne a hankali: ɗan busasshen tari, saurin gajiya, haki bayan 'yar gajeriyar tafiya, rama. Idan abin ya yi nisa, ciki ya tara ruwa ya kumbura saboda zuciya ta fara gazawa.

Gwajin da aka fi yi yana neman wani sinadari ne da babbar macen tsutsa ke fitarwa cikin jini. Idan ya nuna akwai, yawanci akwai ɗin. Kuskurensa ya fi faruwa ta ɗaya ɓangaren, wato ya ce babu alhali akwai, idan tsutsotsin duk maza ne, ko ba su balaga ba tukuna, ko kuma garkuwar jiki ta ɗaure sinadarin ta ɓoye shi. Don haka ake haɗa shi da gwaji na biyu, inda ake duba jinin da na'ura ana neman 'ya'yan tsutsar.

Karen da aka gano cutar a jikinsa kafin ta bayyana, shi ne mai sa'a. Huhunsa bai lalace sosai ba, kuma shi ya fi sauƙin jure magani.

Me likita zai duba kafin a fara?

Hoton ƙirji, don a ga halin da jijiyoyin huhu da girman zuciya ke ciki. Gwajin jini da fitsari, don a san lafiyar hanta da ƙoda. Wani lokaci a yi sikanin na zuciya, inda ake iya hango tsutsotsin da kansu idan suna da yawa. Da wannan ne ake sanin matakin da cutar ta kai, daga na ɗaya, inda babu alama ko kaɗan ce, zuwa na huɗu mai hatsarin gaske. Karen da zuciyarsa ta fara gazawa sai an fara daidaita shi da magungunan zuciya da na rage ruwa kafin a taɓa tsutsar.

Yaya tsarin maganin yake daga farko zuwa ƙarshe?

Tsarin da likitoci da yawa ke bi shi ne na ƙungiyar American Heartworm Society, wadda aka kafa a 1974 domin wannan cuta kaɗai. A taƙaice ga yadda yake.

Daga ranar da aka tabbatar da cutar, a rage wa karen motsi. A fara ba shi maganin rigakafi na wata-wata, sannan a ɗora shi a kan doxycycline, wani maganin kashe bakteriya, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsa, sau biyu a rana, har tsawon mako huɗu. Bayan ya gama, a dakata wata guda. Wajen kwana na 60 a yi masa allurar farko ta melarsomine, wato maganin da ke kashe manyan tsutsotsi. Bayan wata guda, wajen kwana na 90, a yi ta biyu, washegari a yi ta uku. Yawanci akan haɗa da prednisone bayan allurar, ana rage shi a hankali cikin mako huɗu, don ya kwantar da kumburin huhu. Hutu mai tsanani yana farawa daga allurar farko, ya ci gaba har mako shida zuwa takwas bayan ta ƙarshe.

Wannan tsari na allura uku yana kashe kimanin kashi 98 cikin 100 na tsutsotsin. Akwai tsohon tsari na allura biyu a jere cikin awa 24, wanda ke kashe kimanin kashi 90. Bambancin bai tsaya ga lissafi ba. A tsarin allura uku, ta farko tana kashe wani ɓangare ne kawai, huhu ya sami wata guda yana share su kafin a kashe sauran. A raba wa jiki nauyin gida biyu ya fi a jibga masa gaba ɗaya.

Me ya sa za a jira wata biyu? Ba gara a kashe su nan take ba?

Wannan jira yana damun masu karnuka ƙwarai, kuma ana fahimtar dalili: mutum ya san akwai tsutsa a jijiyar karensa, sai a ce masa ya tafi gida da ƙwayoyi. Amma watanni biyun nan aiki ake yi a cikinsu.

A cikin jikin tsutsar akwai wata ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia. Tsutsar ba ta iya girma da haihuwa yadda ya kamata sai da ita. Idan tsutsa ta mutu ta ruɓe, wannan ƙwayar na fita cikin jini, kuma tana daga cikin abubuwan da ke haddasa mummunan kumburi a huhu da ƙoda. Doxycycline ita take kashewa. Tsutsar ta raunana, jikinta ya ragu, ta daina hayayyafa sosai, sannan idan an zo kashe ta, ɓarnar da gawarta za ta yi ta ragu. Watan da ake dakatawa bayan gama ƙwayoyin kuwa, don a ba jiki dama ya share ragowar ƙwayar ne.

Dalili na biyu shi ne, a jikin kare ɗaya akwai tsutsotsi masu shekaru daban-daban, tunda ba rana ɗaya sauro ya cije shi ba. Maganin rigakafi yana kashe waɗanda suka shiga kwanan nan. Melarsomine kuma an tabbatar da aikinsa ne a kan waɗanda suka kai wata huɗu. Masu tsaka-tsaki na iya kuɓuce wa duka biyun. Jiran yana ba su lokaci su kai girman da allura za ta same su, rigakafin kuma ya hana sababbi shiga.

Game da doxycycline ɗin: a ba shi tare da abinci, domin yana tayar da zuciya idan ciki babu komai. Idan karen na amai ko ya ƙi cin abinci, a gaya wa likita ya gyara adadin ko ya canza zuwa minocycline. Kada a tsayar da shi kawai a yi shiru.

An ce in bar karen a asibiti ranar da za a ba shi rigakafin farko. Don me, tunda ƙwaya ce kawai?

Idan jininsa cike yake da 'ya'yan tsutsa, maganin na iya kashe dubbai a lokaci guda, jiki ya yi mummunar amsawa: amai, dalalar da miyau, dasashi ya yi fari, kasala, har faɗuwa. Ba kasafai ba ne, amma idan ta faru gara a ce likita na kusa. Shi ya sa ake sa masa ido na kimanin awa takwas, wani lokaci a riga a ba shi maganin da ke tare wannan amsawar.

Allurar tana da zafi? Me zan gani bayanta?

Tana da zafi. Melarsomine, wanda ake sayarwa da sunan Immiticide ko Diroban, yana ɗauke da sinadarin arsenik, kuma ana soka shi ne can cikin tsokar gadon baya, kusa da ƙugu, miligiram 2.5 ga kowane kilo. Ana canza gefe daga allura zuwa allura. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ba ta da faɗi, don haka dole a auna karen a sikeli a ranar, kuma likita ne kaɗai ke yin ta. Sau da yawa akan ba karen maganin kashe zafi, ko a ɗan kwantar da shi don kada ya motsa allura ta kauce.

Bayan an dawo gida, wurin kan kumbura ya yi tsami na 'yan kwanaki. Karen na iya ƙin kwanciya ta gefen, ya yi haki, ya yi shiru, ya rage cin abinci kwana ɗaya ko biyu. Wasu kan sami ɗan ƙulluttu mai tauri a wurin da zai daɗe bai baje ba. Prednisone kuma yana sa ƙishirwa da yawan fitsari da yunwa, don haka a ajiye masa ruwa, a riƙa fitar da shi fitsari akai-akai. Idan ya yi fitsari a inda bai saba ba, maganin ne, kada a yi masa faɗa. Kada a ƙara masa aspirin ko wani maganin ciwon jiki na mutane. Haɗa irin waɗannan da prednisone na iya jawo gyambon ciki.

Me ya sa ake ta nanata maganar hutu? Tafiyar minti goma ma za ta cutar?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a shafin nan, kuma a nan ne ake rasa karnukan da da sun rayu.

Tsutsar ciki idan ta mutu, tana fita da kashi. Ta zuciya ba ta da hanyar fita. Tana mutuwa ne a cikin jijiya, ta ruɓe, ta gutsuttsure, jini ya kwashi guntayen zuwa ƙananan jijiyoyin huhu, inda jiki zai narkar da su a hankali cikin makonni. Abin ya yi kama da shara a magudanar ruwa: idan ruwan na gangarawa sannu-sannu, sharar na tafiya kaɗan-kaɗan, idan ruwa ya zo da ƙarfi, sai ya tattara ta gaba ɗaya ya toshe bakin. Duk lokacin da kare ya yi gudu, ko tsalle, ko ya yi ta haushi cikin zumuɗi, bugun zuciyarsa na ƙaruwa, jini ya taho da ƙarfi, ya tura guntayen su toshe jijiyoyin da tuni suka kumbura. Ɓangaren huhun da aka toshe ya daina samun jini, ƙananan jijiyoyi su fashe. Kare na iya mutuwa a cikin sa'o'i.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne kwana 7 zuwa 10 bayan kowace allura, amma hatsarin na nan har makonni bayan haka. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, daidai wannan lokacin ne zafin allurar ya wuce, karen ya warware, yana kaɗa wutsiya yana roƙon a sake shi. A ido ya warke. A cikin ƙirjinsa kuwa, lokacin ne tsutsotsin ke wargajewa. Yawan motsin kare yana daga cikin manyan abubuwan da ke nuna ko zai sami matsala bayan allura, har ma karen da tsutsotsinsa ba su da yawa amma yana guje-guje na iya fin mai tsutsa da yawa da ke kwance shiga hatsari.

Don haka amsar ita ce: fita da igiya a wuya, a yi fitsari da kashi, a dawo. Ba yawo, ba wasan jifa da ɗaukowa, ba hawa da saukar bene da gudu, ba kokawa da wani kare, ba saki a fili ko da an kewaye shi. Tsuntsu ɗaya ko kyanwa ɗaya ta gifta ta isa ta sa shi zabura. Likita ya yi nasa a rana uku; sauran kwanakin duka na mai kare ne.

Karena matashi ne mai ƙiriniya. Yaya zan tsare shi har tsawon watanni?

Da wuya, kuma babu amfanin a ɓoye. Amma ana yi.

A fara koya masa zaman keji ko ƙaramin ɗaki tun a watanni biyun farko, kafin allura, don kada a haɗa masa ciwo da baƙon wuri rana ɗaya. Kejin ya zama mai faɗin da zai iya tsayawa, ya juya, ya miƙe. A ajiye shi inda yake ganin mutanen gida. Karen da aka kulle shi kaɗai nesa da kowa zai yi ta kuka da kai-komo, wannan ma motsi ne, kuma ya fi ƙarfin abin da ake gudu. A nisantar da shi daga taga ko ƙofar da yake hango masu wucewa. Wurin ya kasance mai sanyi da iska, domin zafi na ƙara haki da bugun zuciya.

Tunda ba za a gajiyar da jikinsa ba, a gajiyar da ƙwaƙwalwarsa. A raba abincinsa na yini kashi-kashi, a ɓoye a cikin tsumma da aka naɗe ko cikin abin wasa mai rami, ya yi ta nema da hanci. A ba shi abin taunawa mai aminci wanda zai daɗe a kai. A koya masa ƙananan umarni da ake yi a kwance, kamar ɗora haɓa a ƙasa ko taɓa tafin hannu da hanci. Kuma a zauna kusa da shi ana shafa shi. Wannan kaɗai yana kwantar da karnuka da yawa fiye da yadda ake zato. A ɗan rage masa abinci tunda ba ya ƙona shi, don kada ya yi ƙiba.

A yi magana da duk mutanen gida, musamman yara, domin tausayi ne yakan sa wani ya buɗe keji ya ce bari ya ɗan sha iska. Idan baƙi za su zo, a riga a kai karen wani ɗaki. Idan duk an yi wannan bai natsu ba, a gaya wa likita. Akwai magungunan sa natsuwa irin su trazodone da ake rubutawa don irin wannan hali, kuma neman su ba gazawa ba ce. A ganina, kare ya yi makonni yana ɗan gyangyaɗi ya fi a bar shi yana dukan keji da ƙirji.

Waɗanne alamu ne za su sa in garzaya asibiti?

Tari da ke ƙaruwa ko tari da jini. Numfashi da ƙyar, ko da sauri alhali yana kwance. Dasashi ya yi fari ko ya koma shuɗi-shuɗi. Zazzaɓi. Faɗuwa ko suma. Ƙin abinci gaba ɗaya fiye da yini guda, ko amai ba tsayawa. Fitsari mai duhu ja ko baƙi-baƙi.

Yana da amfani a riƙa ƙirga numfashinsa idan yana barci. Lafiyayyen kare yawanci ba ya wuce 30 a minti ɗaya. Idan adadin ya haura haka kuma yana ta hawa, a kira likita ko da dare ne. Wajen kai shi, a ɗauke shi zuwa mota, kada a sa shi tafiya. Da iskar oksijin da magungunan rage kumburi da cikakken hutu, karnuka da yawa na tsallake wannan matsalar idan an kai su da wuri.

Likita ya ce sai an yi tiyata. Yaushe ake kaiwa ga haka?

A mataki na huɗu. Tsutsotsin sun taru sun cunkushe a ɓangaren dama na zuciya da babbar jijiyar da ke dawo da jini cikinta, sun hana ƙofar zuciya rufuwa, jajayen ƙwayoyin jini na farfashewa a tsakaninsu. Karen kan faɗi farat ɗaya, dasashi fari, fitsari ya yi duhu. Allura ba ta da amfani a nan, ba lokaci. Ana buɗe jijiyar wuya ne a zura doguwar na'ura a zaro tsutsotsin. Idan ba a yi ba, yawanci kare ba ya wuce kwana biyu zuwa uku. Wanda ya tsira, bayan wasu makonni sai a yi masa allurar don kashe waɗanda suka rage.

Na ji akwai hanyar kashe su a hankali ba tare da allura ba. Ba ta fi sauƙi ba?

Akwai, kuma ya kamata a yi mata adalci. Ita ce a ci gaba da ba kare maganin rigakafi wata-wata har manyan tsutsotsin su mutu da kansu. Da ivermectin kaɗai, abin na iya ɗaukar shekara biyu ko fiye. Idan aka haɗa moxidectin da doxycycline ya fi sauri, amma duk da haka akan yi kusan shekara.

Matsalar ita ce, duk tsawon wannan lokaci tsutsotsin na nan suna goge bangon jijiyoyi suna kaurara shi, kuma wannan ɓarnar ba ta komawa. Sannan ba a san ranar da za su mutu ba, don haka taƙaita motsin da ake gudu bai tafi ba, tsawo ma ya ƙara. American Heartworm Society ba ta ba da shawarar wannan hanya a matsayin zaɓin farko. Inda take da gurbi shi ne idan ba a samun melarsomine, ko kare na da wata cuta mai tsanani da ba zai jure allurar ba, ko mai shi ba shi da halin ɗaukar nauyin cikakken tsarin. A irin wannan yanayi ta fi a bar kare haka nan, nesa ba kusa ba, amma a yi ta ƙarƙashin kulawar likita, da doxycycline a ciki.

Zan iya amfani da ivermectin na shanu, ko maganin gargajiya?

A'a. Ivermectin na manyan dabbobi yana da ƙarfi ƙwarai idan aka kwatanta da ɗan mitsitsin adadin da ke cikin ƙwayar rigakafin kare, kuma kuskuren ɗigo kaɗan na iya zama ninki da yawa. Wasu jinsunan karnuka, kamar Collie da danginsa, suna da wani gadon halitta da ake kira MDR1 wanda ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa idan ya yi yawa, ya jawo makanta, karkarwa, suma, har mutuwa. Ƙwayar rigakafi ta karnuka ba ta cutar da su, amma na shanu na iya kashe su. Ban da haka, yawan maganin ba ya kashe manyan tsutsotsi nan take, sai dai ya kashe 'ya'yan a lokaci guda ya jefa karen cikin hatsari.

Ganye ko saiwa ko tafarnuwa kuwa, babu wanda aka tabbatar yana kashe wannan tsutsar, tafarnuwa mai yawa ma tana lalata jinin kare.

Yaushe zan san ya warke?

Wajen kwana na 120 ana duba jini a ga ko 'ya'yan tsutsa sun ƙare. Gwajin manyan kuwa sai bayan wata tara da allurar ƙarshe, wato kusan shekara guda da fara magani. Idan aka yi shi da wuri zai iya nuna akwai alhali sun mutu, domin sinadarin na daɗewa a jini. Idan bayan wata taran har yanzu yana nunawa, likita zai sake ba da doxycycline ya ƙara allura biyu.

Komawa motsi kuma a hankali ake yi bayan likita ya ba da izini: gajeriyar tafiya da igiya, ana ƙarawa mako-mako.

Zai koma yadda yake a da? Karena ya tsufa, ya cancanci a wahalar da shi?

Yawancin karnukan da aka gano da wuri suna komawa rayuwarsu, su yi gudu su yi wasa. Waɗanda cutar ta daɗe a jikinsu na iya saura da tabo a jijiyoyin huhu, da ɗan tari ko saurin gajiya, wasu su ci gaba da shan maganin zuciya.

Tsufa kaɗai ba dalilin hana magani ba ne. Abin dubawa shi ne lafiyar hanta da ƙoda da zuciya. Tsohon kare ma yana da wata fa'ida da matashi ba shi da ita: kwanciya ba ta yi masa wuya. Karya mai ciki ce ake jinkirta wa maganin har ta haihu ta yaye.

Sauran dabbobin gida da mu kanmu fa?

A gwada sauran karnukan, a ɗora su a kan rigakafi, tunda sauron da ya ciji ɗaya yana yawo a wurin. Babu buƙatar raba su don gudun yaɗuwa, sai don kada su ja mara lafiyar wasa. Kyanwa ma na kamuwa, kuma ita ba a yi mata melarsomine domin yana cutar da ita, rigakafi ne kariyarta. Mutum da wuya ya kamu. Idan ma ta shiga, tsutsar ba ta balaga a jikinsa, sai dai wani lokaci ta bar ɗan ƙulli a huhu.

Bayan ya warke, zai iya sake kamuwa?

Ƙwarai. Warkewa ba ta ba shi garkuwa. Dole ya ci gaba da rigakafi duk tsawon shekara, har ƙarshen rayuwarsa. Akwai na haɗiya wata-wata irin su ivermectin da milbemycin, akwai na ɗigawa a fatar wuya irin su selamectin da moxidectin, akwai kuma allurar moxidectin mai aiki wata 6 ko 12 ga wanda ke yawan mantuwa. Ɗan kwikwiyo ana fara masa tun bai wuce mako takwas ba. Karen da ya haura wata bakwai sai an gwada shi kafin a fara. A riƙa gwaji sau ɗaya a shekara ko da ba a taɓa tsallake wata ba, domin kare na iya tofar da ƙwaya a ɓoye ko ya amayar, kuma an sami nau'in tsutsar da ke jure magungunan rigakafi a yankin kogin Misisipi na Amurka. Rage sauro a inda kare ke kwana, da zubar da ruwan da ya kwanta, ƙari ne a kan maganin.

Na manta ban ba shi na wata guda ba. Me zan yi?

A ba shi da zarar an tuna, a ci gaba da lissafi daga nan, a kuma sanar da likita. Maganin yana aiki ne a kan ƙananan tsutsotsin da suka shiga jiki a makonnin baya, don haka jinkirin 'yan kwanaki ba kasafai yake zama matsala ba, amma idan tazarar ta kai wata biyu wasu na iya girma su wuce inda zai same su. Gwaji a washegari ba zai nuna komai ba. Sai a sa ranar gwaji bayan wata shida zuwa bakwai, lokacin da duk wadda ta kuɓuta za ta kai girman da za a gan ta.